Sarauniyar da Wada Ya Gano Daga Kan Bedi

"...da gajiyar hanya? Ina jakin, ko ka cinye shi a Maraɗi?"

"Jaki lafiya lau, yana gaishe ki. Ya ce in tambaye ki sirrin ramar nan, kin fi shi iyawa."

Haka na jiyo su ta bayan dangar da ta raba gidana da na Kyauta a Cadawa, da hantsin ranar cika-ciki, shekarar da fari ya ƙone gonaki tun hatsi bai yi kai ba. Wada ɗan kawunta ne, shi ɗan namiji, ita ɗiyar mace, taubasai ke nan. Tun suna tsirara nake raba su faɗa, ban taɓa jin ɗaya ya gaya wa ɗaya maganar kirki ba.

Ni kuwa Tata ba na ganin abu in yi shiru, sai na jawo kujerata na zagaya. Dalili, Kyauta ta ɗaga mini hankali. Mijinta Maharazu ya tafi ci-rani wata uku ba labari, ya bar ta da 'yan mata biyu, ga ta da taurin kai. Rabin tiyar garin rogo na kai mata, ta maido mini da shi da godiya. Yau kuma na ga ta sauko da zangarnun iri daga rufin ɗaki ta aje gindin turmi. In ta sussuke su za a ci tuwo kwana uku, in ruwa ya sauka baɗi ba ta da abin jefawa a rami. Wada ma ya gan su, amma ya yi kamar bai gani ba. Ya bar amalankensa a ƙofar gida ya miƙe ƙafa a inuwa.

"Baiwata, ki yi mini barka. Na shiga silima."

"Kai? Da wace rigar?"

"To, ba ciki-ciki ba. Akwai wata bishiyar bedi bayan katangar, ita na hau."

"Ashe biri aka yi a dangi."

"Mu tara ne bisa, har da wani ma'aikacin buro, ɗan ofis, da agogonsa. Na Indiya aka sa, na sarakunansu na dauri. Abu ɗaya ne, katangar ta tare rabi. Daga ƙugu zuwa sama muke gani."

"Wato ka ga rawa ba ƙafa."

"Na ji ƙafar ai! 'Yan ƙararrawa suke ɗaurawa, in ta taka sai ki ji cas, cas, cas. Kyauta, akwai wata sarauniya. Zanenta ɗaya zai yi wa gidan nan danga ya yi saura. Ja ne wur, an bi bakinsa da zaren zinariya. Awarwaro tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ga wani zobe a hanci, an ja sarƙa daga shi har kunne."

"Mu nan raƙumi ake yi wa haka."

"Hassada ce ke cin ki. Shi kuma yariman, rawani da gashin ɗawisu, takobi da duwatsu a ƙota, yana bisa giwa. Da ya juyo sai na ga kamar ni."

"Giwar ko yariman?"

"Inna Tata, kin ji ta ko?"

Na ce, "Na ji, kuma tambayar tana kan hanya."

"Ku dai bari. Kiɗan nan fa! Wasu 'yan ganguna biyu, da yatsu kawai ake taɓa su, amma sai ki rantse magana suke. Ga wani gurmi mai dogon wuya, tsirkiyarsa ta fi ashirin, in an ja ɗaya sauran su amsa. Sai sarewa ta shigo a hankali. Ita kuma da ta buɗe baki, murya siririya, tana hawa tana hawa, ni da ba na jin ko kalma ɗaya sai ga hawaye. Na buro ma hular kansa ya cire yana share ido."

"Yunwa ce ta sa ku kuka, kuka ɗora wa waƙa."

"Bari in yi miki."

"Don Allah ka rufa mana asiri."

Bai rufa ba. Ya dafe kunne ɗaya, ya karkace wuya, ya saki wata murya da ta sa jakinsa ya amsa daga waje. Amma fa karin yana da daɗi, ko a bakin Wada. Na lura Kyauta ta jingine taɓarya.

Ta ce, "To shi mai giwar, me ya hana shi aurenta?"

"Tun suna yara yake son ta. Ɗan kawunta ne."

"A'a! Indiyancin ka fara ji?"

"A ido na gane. Duk inda ya bi sai ta murguɗa masa baki, kamar wata da na sani, da ta ƙi ni ta auri mai tsinin kai."

"Na ƙi ka jiya, na ƙi ka yau. Ko a kan giwa ka zo, sai in ce a bar giwar kai ka koma."

"Haka ita ma ta ce, amma da ya juya sai ta leƙo ta taga. Suna da wani lambu, Kyauta. Ruwa na tsartuwa daga ƙasa yana tashi sama, ba mai sha, ba mai ɗiba, ado ne kawai. Can sai hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Suka fita ciki suna rawa, zanen nan na zinariya ya jiƙe sharkaf, ba wanda ya gudu. Wallahi mu tara a kan bedi ba wanda ya yi tari."

Nan kam Kyauta sama ta duba. Ni ma na ɗaga kai na dubi sama, fari fat, ko gajimare babu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wada ya gyara murya. "Daga nan sai abokan gaba suka kewaye birninta. Abinci ya ƙare. Sarauniya ta rasa yadda za ta yi, sai ta sa aka sauko mata da zangarnun iri daga rufin ɗaki, ta jawo turmi..."

"Tsaya, tsaya. Sarauniya mai zinariya a hanci, da turmi?"

"Na azurfa."

"Kai da ka ce daga ƙugu zuwa sama kake gani, ina ka ga turmi?"

"Dogo ne."

"Maƙaryacin banza! Wannan a tsakar gidana ka kalle shi, ba a Maraɗi ba. Faɗi gaskiya, yaya ta ƙare?"

Ya sosa ƙeya. "Ban ga ƙarshe ba. Reshe ya karye, ni da na buro muka sauko tare. Shi ya riga ni isa."

Ta so ta yi dariya, sai ta haɗiye. Ta ɗauki taɓarya. "Ka gama? To tashi. Yau cika-ciki, duk shekara 'ya'yana na cin tuwo su ƙoshi ran nan. Bana ma sai sun ci. Baɗi Allah na nan. Kuma kada ka ce za ka ba ni wani abu, ban yi bara ba."

"Ni in ba ki? Allah ya sawwaƙe. Zuwa na yi in ji dalilin raini. Shekara nawa kina zuwa da tsintsiya ranar nan ki share ƙofata in ba ki shararki? Bana shiru. So kike a ce ɗan namiji ya talauce har baiwarsa ta 'yanta kanta?"

Gaskiyarsa. Al'adarmu ce, ranar cika-ciki ɗiyan mace kan share wa ɗiyan namiji, abin da aka ba su kuwa haƙƙinsu ne. Bana dai kowa ya ji kunyar tambaya.

Ta ce, "Gidanka da nisa, ba ni da ƙarfin tafiya."

"Na kawo miki aikin har gida. Amalankena ya yi datti, je ki share."

"In share, ka ba ni me? Waƙar jaki?"

"Ki share ki gani, malalaciya."

Ta suri tsintsiya don ta ƙure shi, tana tafe tana zaginsa da kunnuwansa. Na bi ta. Ta ture busasshiyar ciyawar da ke kan amalanken, sai ga buhu kwance, ya fi rabi, jar dawa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Wada, wannan ba shara ba ce."

"Dakon kwana goma sha biyu ne a Maraɗi. Buhu biyu na samo, ɗaya na gida."

"Maimuna ta sani?"

"Matar tawa ita ta ɗaure bakinsa. Inna Tata, ke ce babba. Sadaka ce ko shara?"

Na ce, "Ta ɗauki tsintsiya, ta share, a kan idona. Shara ce. In ta ƙi, kakanninku ta ƙi, ba kai ba."

Ta juyo za ta yi magana, sai ta ga gaban rigarsa ya yi tudu. Ta waiga gindin turmi, wayam.

"Ɓarawo! Ina irina?"

"Na yi fashi. Je ki wurin jandarma ki ce taubashinki ya ƙwace miki zangarnu, su yi miki dariya su koro ki. Suna rumbuna har ranar ruwan shuka. Ran nan ki zo ki karɓa, amma da sharaɗi."

"Wane sharaɗi kuma?"

"Ki yi mini rawar sarauniya a cikin ruwan. Daga ƙugu zuwa ƙasa, rabin da katanga ta cuce ni."

Sai dariyar ta ƙwace mata. Ta dafa amalanke tana yi, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne. Rabona da jin dariyar Kyauta tun tafiyar Maharazu. Ta jefe shi da tsintsiya, ta same shi a ƙeya.

"Ka ci, biri, ka ci. Sauke mini kayana. Irin nan kuwa ka rataye shi inda ɓera ba ya kai, in ƙwaya ɗaya ta ɓata sai na sa maka zobe a hanci."

Ya sauke buhun, ya kaɗa jakinsa yana waƙar nan tasa. Ban kai ga komawa gida ba na ji turmi ya fara amsawa. Dawa take surfawa, tana jefa taɓarya sama tana tafi, a hankali kuma tana bin karin waƙar Wada. Ta fi shi iyawa nesa ba kusa ba.