Duwatsun Kan Rufin Ajinmu

Jama'a, ajina na ƙananan yara ne, masu haƙuri da son karatu. Ba mu da tebura, tagoginmu ba murafu, kusoshin rufin kwanonmu kuwa sun daɗe da yin ritaya. Duwatsun da ni da maigadi muka jera a kai su ke riƙe da shi.

Makon jiya aka ce manya za su zo su koya mana yadda ake tsira daga guguwa. Na yi murna, Allah ya sani. Da sassafe mota ta sauke tebura masu sheƙi. Sai ga Mai Girma Garkuwan Yara, da mai riƙe masa lema, da mai hoto. Mai Girma ya ɗaga kai, ya ɓata fuska.

"Malam, waɗancan duwatsun fa? Za su ɓata mana hoto. A sauke."

Maigadi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai su ne kusoshin."

"Baba, ƙofa aka ba ka tsaro, ba rufi ba."

Aka sauke, aka loda su a mota kada wani babba ya yi tuntuɓe. Aka busa usur, yara suka shige ƙarƙashin tebura, aka ɗauki hoto, aka tafa. Da la'asar motar ta kwashe teburan, wai wata makarantar ma tana jiran tata guguwar.

Shekaranjiya guguwa ta gaske ta zo, ba usur, ba mai hoto. Gari ya yi baƙi, kwano ya hau rawa. Yarana masu biyayya suka durƙusa, kowa a ƙarƙashin teburin da babu. Na tattara su zuwa ɗakin ajiya mai rufin siminti. Duk sun tsira. Rufin kuwa ya sauka a gidan maƙwabcinmu, wanda ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, in kyauta ce na gode, awakina sun samu inuwa."

Mai Girma, Allah ya ƙara masa basira, ya aiko da yabo, wai horonsa ya yi aiki tunda ba wanda ya ji rauni.

Jiya muna karatu a gindin bishiya, autar ajin ta ja mini riga.

"Malam, za su dawo?"

"Wataƙila, 'yata. Kina kewarsu ne?"

"A'a. In za su zo, ka gaya mana da wuri mu shiga ɗakin ajiya."

Ta gane cewa ba guguwa kaɗai ake ɓuyar wa ba.