Yadda Za Ki Koyi Gaisuwar Holan Ba Tare da Wanzami Ya Cire Miki Beli Ba

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Idan kika bi maganata, na yi miki alkawari za ki gaishe da mutumin Holan da harshensa, ki dawo gida da maƙogwaronki cif, ko tsoka ba a yanka ba. Ni Mubina, 'yar Bunkure, mai digiri a ilimin harsuna, da ƙafata na bi hanyar nan. An yi mini dariya, an ɗura mini jiƙo, an wasa mini aska. Ga ni nan dai ina magana.

Abin ya faro ne da ƙungiyar manoman rani ta garinmu za ta yi baƙo daga Holan, mai gwajin irin tumatir. Shugabanmu, Alhaji Dattijo, ya ce tunda na sha boko, ni zan yi masa maraba. Baƙon yana jin Ingilishi, amma ni ba a gaisuwar aro na yi karatu ba.

1. Ki fara saurarar danginsa duka

Harsunan nan 'yan gida ɗaya ne, hali ne ya bambanta. Sa waya a kunne ki ji. Na Suwidin kamar mai tallan nono ce a kan gaɓar kanal ɗin ban ruwa, murya ta hau ta sauko. Ko zaginki ake yi sai ki ce amin. Na Nowe ƙanwarta ce, ta ɗan fi ta rawar kai. Na Danmak kuwa tsoho ne ya cika baki da ɗanwake mai zafi yana ba ki labarin gado: rabin kalma ya fito, rabi ya tafi ciki. Jamusanci injin casar shinkafa ne, kowane harafi ya faɗo daban, ba tsakuwa. Ingilishi ya zama ɗan gida, sai dai halinsa na leƙo da harshe tsakanin haƙora.

Sai na Holan. Kin san ƙarar bututun ban ruwa idan ya fara zuƙo ruwa da iska tare? Shi ne. Kuma shi ne rabonki. Masana sun tabbatar harshe mai daɗi ba ya sayar da irin tumatir.

2. Ki nemo inda sautin yake kwana

Mu a bakin harshe muke kaɗa "ra". Bajamushe a can ciki yake kaɗa tasa, wajen beli, 'yar tsokar nan mai reto a ƙofar maƙogwaro. Mutumin Holan ma nan kusa yake karce "ga" ɗinsa. Ki guntsi ruwa, ki ɗaga kai, ki kurkure. Sai ki maimaita babu ruwan. Idan kika ji kamar "khudemorkhen" ya fito, kin yi ina kwana.

3. Kada ki gwada a tsakar gida

Ni na gwada, ina tsintar shinkafa. Kakata, Inna Saude, ta ajiye carbi.

"Ke 'yar boko, ƙayar kifi ce?"

"Gaisuwa ce, Inna. Ina kwana ke nan."

"In wannan ce ina kwana, to ban kwana lafiya ba. Buɗe bakin nan."

Ta haska da fitilar wayata, ta tafa hannu.

"Na faɗa! Beli ne. Tun kina jaririya na ce a cire, uwarki ta ce malamar asibiti ta hana. Ga shi ya girma har ya yi digiri. A kira mini Iliyasu wanzami."

"Inna, da shi nake karatun!"

"Da shi za ki kashe kanki dai, ja'ira."

4. Ki sha duk abin da aka miƙo miki

Citta, kanumfari, masoro, zuma, da wani baƙin jiƙo da har yau ba a gaya mini sunansa ba. Ki shanye, ki lashe baki, ki ce kin ji sauƙi. Duk kofin da kika ƙi, aska ce ta matso.

Sannan ki mayar da makarantarki gona. Ni bakin kanal na koma, kusa da injin ban ruwa, don ƙararsa ta rufa mini asiri. Bai rufa ba. Da na yi gaisuwar, kwaɗi suka amsa. Matan da ke dashen shinkafa suka miƙe suna riƙe ƙugu.

"Malama Mubina, me kwaɗin suka ce?"

"Sun ce ku yi shiru, ana darasi."

Kada ki sunkuyar da kai. Wadda ta jure layin rajista a jami'a ba dariyar masu dashe za ta kayar da ita ba.

5. Idan wanzami ya iso, ki juya Suwidin

Iliyasu ya zo da zabirarsa, ya shimfiɗa kayan aiki, har da wata 'yar ƙugiya. Nan take na saki murya irin ta Suwidin, ina hawa ina sauka, don a ga maƙogwaron lafiya lau.

Inna ta ce, "Iliyasu, ka ji? Ɗazu gurnani, yanzu waƙa. Abin ya fara taɓa kai."

Alhaji Dattijo ne ya shigo ya roƙa a bari sai baƙo ya tafi, kada in tarbe shi da baki a kumbure. Inna ta yarda, da sharaɗin ita da Iliyasu za su zauna a bakin gona. Motar baƙo na tashi, aska na sauka.

6. Ki gaishe shi da ƙarfi, sauran ki bar wa al'ada

Baƙon ya sauko, dogo kamar turken lantarki, fuska ja kamar kayan da ya zo gwadawa. Na cika ƙirji na karce masa gaisuwa. Ya washe baki, ya amsa da ambaliya, tun daga ƙasan wuya.

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Iliyasu, nasa ya fi nata. Ke, duk garinsu haka suke?"

"Duka, Inna. Har masu karanta labarai a rediyo."

"Ƙasa guda babu wanzami? Allah sarki, ɗan mutane."

Nan ne za ki yi amfani da digirinki. Na durƙusa na ce, "Inna, a gidanmu an taɓa zuba wa 'yar gida tuwo baƙo yana kallo?"

"Haram! A fara da baƙo."

Iliyasu ya buɗe zabira ya nufe shi da fara'a. Baƙon ya tambaye ni da Ingilishi ko me mutumin yake so. Na gaya masa gaskiya, har na nuna masa ƙugiyar. Ban taɓa ganin mutum ya tsallake kunyoyin tumatir da irin wannan sauri ba. Ragowar taron ta tagar mota aka yi shi, bakinsa a rufe da tafin hannu, ni ina fassara.

Inna ta yanke hukunci: ba a taɓa nawa sai an yi wa baƙo nasa. Shi kuma ya aiko cewa daga yanzu ta waya zai riƙa duba gonar, kuma ni zan riƙa riƙe wayar. Iliyasu yana ta bi na in tambayar masa yadda ake samun biza.

Gargaɗi

Idan muryarki ta dishe, ko kwaɗi suka biyo ki gida, ko baƙonki ya zama jarumi ya zauna aka cire nasa, ni ban san ki ba, kuma ban rubuta wannan ba. Belin da na ɗauki nauyinsa guda ɗaya ne, yana nan yana reto.