Rijiyar Hikima da Ruwan Farko

Allah Ya yi wa garinmu Zakka gata da Ya ba ta Malam Jamaluddeen. Wasu garuruwan sai sun tara dattawa goma kafin su sami shawara ɗaya, mu kuwa mutum guda ya ɗauke mana wannan wahala. Kwana uku cur ya yi a Katsina wajen wata bita kan yadda ake zama mai hikima a rayuwar yau da kullum. Ya dawo da jaka mai tambari, da biro, da takardar shaida, da sabuwar tafiya irin ta agwagwa. Tun daga ranar majalisar mai shayi ta raɗa masa suna Rijiyar Hikima. Ya karɓa hannu bibbiyu, don a zatonsa yabo ne.

Darasinsa na farko shi ne saurare. "Mai hikima kunnuwa biyu gare shi, baki ɗaya," in ji shi. Ya shafe awa biyu yana bayanin wannan, ya katse mutum huɗu da suka yi yunƙurin cewa haka ne. Darasi na biyu tawali'u, wanda ya tabbatar mana daga nan har Safana babu wanda ya kai shi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Gonakin bakin daji sun gagara zuwa saboda 'yan bindiga, kowa ya dawo kan 'yar gonarsa ta bayan gari. Hatsi ya yi tsadar da mutum ke kallon irin shukarsa yana haɗiyar yawu. Gidan Malam tiya uku ta irin gero ta rage, wadda matarsa Zuwairatu ta tsare cikin tulu da toka, ta hana tukunya ko ƙwara.

Sai aka yi ruwan farko, ɗan yayyafin da ya kwantar da ƙura. Da safe Malam ya fito da jakarsa a rataye, ya tarar da maƙwabcinsa Baba Mati durƙushe a gona yana tona ƙasa da hannu, kamar yadda manoma ke yi don su ga inda danshi ya tsaya.

"Baba Mati, har yanzu kuna nan kuna tonon ƙasa kamar kaji? Mai hikima ba ya jinkiri. Wayata ta nuna damina ta sauka."

Tsohon ya auna ramin da yatsunsa. "Malam, danshin bai kai taƙi guda ba. Wannan ruwan mayaudari ne."

"A wace bita aka koya maka haka?"

Baba Mati ya kakkaɓe hannu, ya yi masa fatan alheri.

Ranar Malam ya shuke tiya ukun nan tas, Zuwairatu na roƙon a rage ko ɗaya, shi yana yi mata lacca kan illar tsoro. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Kwana biyar Rijiyar Hikima yana jan mutane su je su ga yadda ilimi ke fitowa kore. Daga nan sama ta washe, rana ta buɗe ido kwana goma sha takwas. Tsiron ya lanƙwashe, ya bushe, iska ta kwashe. Wayar dai ba ta zo jaje ba.

Da ruwan gaske ya sauka, gari ya fita shuka, gidan Malam tulu ne da toka. Zuwairatu ta ce, "Malam, a dafa takardar shaidar ne, ko a shuka ta?"

Malam ya rataya jakarsa, ya zagaya ta ƙofar baya, ya yi sallama a zauren Baba Mati da wata siririyar murya da ba mu san yana da ita ba. Ya fara bayanin cewa gwaji ya yi don amfanin al'umma. Tsohon ya miƙe. Ya shiga ciki ya ɗebo iri cikin ƙwarya, ya ce, "Buɗe jakar, ɗana."

Ranar ce jakar bita ta fara ɗaukar abin da zai amfani wani.