Gajeren Kwatabak da Dogon Bakina

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan Alhaji Mudi a unguwar Zahir, nan Makka, ba, ko da na so in manta. Alhaji Mudi shi ke ɗaukar masu yi wa alhazai jagora a Mina, ni kuma a lokacin ina neman ya sa ni cikin masu jin Turanci. Turancin nawa kuwa a waya na tsince shi, wajen kallon ƙwallon Amurkawa, wadda ake runguma a ruga da gudu ƙatti na bin mutum. (Ban taɓa riƙe irin ƙwallon ba. Ko Jidda sai da dalili nake zuwa, balle Amurka.)

Mun kewaye farantin shinkafa da nama, sai aka ce dattijon da ke gefena baƙo ne, Alhaji Sale, mutumin Damagaram mazaunin Amurka, ya zo Umra. Na ce a raina, yau Alhaji Mudi zai san yana da gwani a unguwa. Na gyara zama.

"Baba, ai lokacin zaɓen 'yan wasa ya matso a can," na ce. "Manyan ƙungiyoyi za su ɗebi yaran jami'a."

Ya dube ni da mamaki. "Kai ma kana bi, ɗana?"

Wai ina bi! Nan fa na ɓalle. Na yi wa jama'a bayani cewa kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo, shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, kuma bana yara biyu ake gardama a kansu, wani dogo da wani gajere. Dogon, na ce, ma sha Allah, hannu kamar majajjawa, ga natsuwa. Duk abin da na ji mai sharhi ya faɗa na juye shi da Hausa, har da ɗaga yatsa irin nasa.

"To, gajeren fa?" in ji baƙon, a hankali.

Alhaji Mudi ya yi tari. Ni kuwa na tura masa ruwa na ci gaba.

"Gajeren? Khalas, Baba, a bar zancensa. Ba ya hango komai ta saman ƙattin da ke gabansa. Da an matse shi sai ya rikice ya jefa wa abokan hamayya. Gudu kawai ya iya, kamar marar iƙama, takardar zama, ya hango 'yan sanda. Wallahi ko ubansa ba zai zaɓe shi ba."

Na jira dariya. Baƙon ya ajiye lomarsa, ya goge hannu, ya ciro waya ya miƙo mini. Ga gajeren nan cikin babbar riga, tsaye kusa da shi, hancinsu iri ɗaya sak.

"Ubansa dai ya zaɓe shi," ya ce. "Dominsa na zo. Jiya ma na yi ɗawafi ina roƙa masa."

Da ƙyar na ce, "Ya'ani, Baba... gajarta ai ba aibi ba ce." (Mutumin da na faɗa wa haka, da ya miƙe daga baya, bai kai kafaɗata ba.)

"Maganar rikicewa gaskiyarka ce, uwarsa ma tana faɗa masa," ya ce. "Amma tunda Allah ya ba ka baki, juya shi. Yi masa addu'a."

Haka na ɗaga hannu a gaban kowa, maiƙo na gangarowa gwiwar hannuna, ina roƙon Allah ya ɗaukaka yaron da na gama binnewa. Jama'a na cewa amin, kafaɗunsu na rawa.

Yaron dai na ji wata ƙungiya ta ɗauke shi, can wajen ƙarshen zaɓen. Ni ma Alhaji Mudi ya ɗauke ni a Hajjin shekarar: ɗaukar kaya, inda ba a buƙatar ra'ayin kowa.

Tun daga ranar, in za a gwada mutum biyu, ko masu sayar da shayi ne, sai na fara tambayar na gefena: "Baba, 'ya'ya nawa, kuma me suke yi?"