Rigar da Shef Wahabu Ya Ƙona

Duk wanda ya ce manyan mutane sun ƙare a Sokode, to bai taɓa shiga biro, wato ofishin kamfanin aika kaya na Shamuwar Arewa ba. A can Allah ya ajiye mana Musye Wahabu, shugaban sashen karɓar koke, wanda mutanen Zango suka naɗa wa sarautar Shef Dawo-Gobe saboda tsabar ƙauna. Mutum ne mai cika kujera. Hatimi uku gare shi, ja da shuɗi da baƙi, kuma in zai buga ɗaya sai ya yi gyaran murya tukuna, don takarda ta san wanda ke tafe.

Shekara goma sha ɗaya yana karɓar koke, ba a taɓa rubuta koke ko ɗaya a sashensa ba. Wannan ba ƙaramar bajinta ba ce a kamfanin da kwali ke baro Dafawong da kusurwa huɗu ya iso Sokode kamar waina. Sirrinsa ɗaya ne: ba ya ɗaga kai. "Babban ma'aikaci ba ya kallon fuska," in ji shi, "lamba yake kallo." Lambar ma ba kullum ba.

Baiwarsa ta biyu kuwa lasifika. Ba suna ba ɗaurin aure a Zango da zai wuce bai yi jawabi ba. Gayyata ba ta dame shi ba, don a ganinsa ƙanana ake gayyata, manya zuwa kawai suke.

Ana nan sai Khairiya, matar Muhyiddeen mahauci, ta sauka lafiya bayan shekara shida ana jira. Mahaifinta Malam Mudathir, tsohon tela ne a Dafawong, idanunsa sun fara gajiya. Wata uku ya yi a sunkuye yana yi wa surukinsa aikin babbar riga ta ranar suna, ya kuma faɗa wa kowa cewa daga ita ya ajiye allura. Aka naɗe ta a leda biyu, matarsa ta cusa kwalbar man kaɗe da ƙullin daddawa don maijego, aka haɗa a kwali, aka kai biron kamfanin na Dafawong.

Ranar Litinin Muhyiddeen ya zo da takardarsa ya tsaya gaban teburin Shef. Aka ce ya dawo gobe. Talata ya dawo, Shef na cikin taro, shi da shayinsa. Laraba ya bar rumfarsa da rabin bijimi a rataye, ya zauna a benci har azahar. Sannan Shef ya yi gyaran murya, idonsa a kan tebur.

"Mai lamba tamanin da bakwai. An ƙona kayanka."

"An ƙona? Shef, riga ce fa a ciki!"

"Kwalinka ya iso yana wari, yana kuma tsiyayar mai. Doka ta sha huɗu, sakin layi na biyu: duk kayan da ke barazana ga lafiyar jama'a, wuta. Kamata ya yi ka gode mana. A Turai da tuni an kama ka."

"Tsoho ne ya yi ta da hannunsa, Shef. Ba zai ƙara wata ba. Ko tokar ce a nuna mini."

"Toka mallakar kamfani ce."

Ya miƙa masa takardar shaidar ƙonawa, ya buga mata hatimi ja, da shuɗi, da baƙi. Muhyiddeen ya ninke ta ya sa a aljihu, ya fita yana tunanin bakin da zai faɗa wa surukinsa da shi.

Kada a zalunci Shef, mutum ne mai gaskiya. Lallai an ƙona kwalin, shi da kansa ya kyasta ashana a bayan biro. Sai dai kafin nan ya buɗe shi don bincike, ya tarar mai bai taɓa rigar ba. Shadda ce ruwan toka, aikin wuyanta ya sauko har ciki. Tausayi ya kama shi. Ya gwada ta gaban madubin banɗaki, ya ga wani gwamna na kallonsa, ya gaishe shi. Man kaɗen kuwa ya tafi ga dugadugansa, waɗanda suka daɗe suna shigar da koke su ma.

Asabar da safe aka yi suna. Malam Mudathir ya iso tun ranar Juma'a a motar haya, aka gaya masa labarin, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, bai kuma taɓa tuwon da aka ajiye masa ba. Angon ƙarni Muhyiddeen ya fito da tsohon kaftaninsa na Sallar bara. An raɗa suna, an yanka raguna biyu, ana raba goro, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Shef ne a baya, ya zauna a karkace kamar amarya don kada riga ta yamutse. Hanya ce ta biyo da shi, ya ji lasifika.

Bai tambayi gidan wa ba ne. Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya karɓe abin magana daga hannun maroƙi.

"Jama'a, a madadina da kamfaninmu, ina taya mai gidan nan murna, ko wane ne shi. Jariri saƙo ne daga Allah. Mu da muka san aikin saƙo, mun san amana. Abin da aka ba ka ka kai, ka kai shi yadda yake!"

Muhyiddeen ya gane mutumin, ya haɗiye abin da ya taso masa, don bai taɓa ganin rigar ba balle ya shaida ta. Malam Mudathir kuwa yana zaune kan tabarma kusa da ƙafar Shef, gefen rigar ya shafi hannunsa. Ya kama. Ya bi ɗinkin da yatsa a hankali, ya miƙe tsaye, ya bi aikin har wuya.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan aiki?"

Shef ya ji daɗin tambayar, bai ko sauke abin maganar daga bakinsa ba. "Baba, daga Kano na sa aka kawo mini. Ba irin jagwalgwalon telolinku na nan ba ne."

"Ya iya," in ji tsoho. "Sai dai nan ya ɗan karkace. Ranar ido ya dame shi."

Ya zura hannu a babban aljihun gaba, ya juyo shi waje. Akwai rubutun ajami da jan zare. Ya kira liman ya karanta, don shi ba ya gani sosai. Liman ya matso, lasifika ta ɗauka har bakin titi: "Muhyiddeen, mijin Khairiya. Allah ya raya."

Muhyiddeen ya zaro takardarsa mai hatimi uku ya ɗaga sama. Karon farko a tarihin aikinsa, Shef ya kalli fuskar mai koke.

"To," ya ce, ya yi gyaran murya. "A bisa doka, rigar nan babu ita. Ga shaida nan a hannunsa. Wanda ke da ƙorafi ya same ni a biro ranar Litinin."

Mahauta shida da ke fiɗar raguna a gefe suka miƙe kawai, ko wuƙaƙen ba su tuna sun ajiye ba. Shef ya duba su, ya ga lallai doka tana da sassauci. Ya sunkuya ya tuɓe rigar ta ka, tsoho ya karɓa ya kakkaɓe, ya ɗora wa surukinsa a kafaɗa. Daga cikin gida guɗa ta tashi.

Shef ya rage daga shi sai wata jar rigar ƙwallo da ta matse masa tumbi. Ya juya zai nemi babur, jama'a suka ga bayansa: lamba tara, da suna MUMUNI da manyan baƙaƙe.

"La ilaha illallahu!" Wata maƙwabciya, Rachida, ta leƙo daga zaure. "Rigar mijina ce, wadda ƙanensa ya aiko daga Jamus! Bara aka ce ɓera ya cinye ta!"

Nan take idanu suka sauka kan agogon Shef. Wani ya durƙusa yana duba takalminsa. Wani dattijo ya gyara tabarau ya matso kusa da wandon.

Malam Mudathir ya ɗaga hannu. "Haba jama'a, ku dakata haka nan," ya ce. "Akwai mata a wurin."