Ranar da Na Yi wa Kujera Likkafani

A tsofaffin littattafan Ingila na karanta cewa manyan mutane kan lulluɓe kujerunsu da farin yadi in za su yi tafiya. To ni ma ai babba ce a Gyaɗi-Gyaɗi. Da na sayi farin yadin a kasuwar Tarauni, mai shago ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Na ɗauka ladabi ne.

Na lulluɓe doguwar kujera har da matasanta, na tafi Zariya, wayata a kashe. Da magariba maƙwabciyata Hajiya Rabi ta leƙa taga, ta ga abu fari a miƙe.

Na dawo na tarar ana shirin ɓalle ƙofata. Na yi sallama, kowa ya ja da baya. Hajiya Rabi ƙafafuna kawai take kallo, ta ga ko suna taɓa ƙasa.

Har yau gaisuwarta ita ce, "Marigayiya, an tashi lafiya?"