Rigar da ta ƙi buɗuwa a Badaguishiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar arba'in ɗin ɗana na fari ba. Ko na so in manta ma, tsofaffin Badaguishiri ba za su bar ni ba.

Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin Dogarawa, cikin shekarun tamanin, ina ji da kaina ƙwarai. Matata Rabi ta tafi gidansu a Badaguishiri haihuwa kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya. Na je suna, amma kun san kunyar ɗan fari a wajenmu: ba ka ɗaukarsa, ba ka kiran sunansa, ko kallo sai dai ka sata. Iyakar abin da na gani na yaron, ƙafa ɗaya ce da ta leƙo daga cikin zane.

To da wannan ƙafar na tafi kasuwar Konni sayen riga. Mai gwanjo ya ɗaga mini wata a haɗe da wandonta, tun daga wuya har tafin ƙafa, mai gashi-gashi, da dogon zif a gaba. "Mushe, wagga ita ɗiyan manya ka sawa," in ji shi. Da ya tambayi girman yaron, sai na buɗa hannuwa kamar wanda ya sani. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina don wace ƙasar sanyi aka ɗinka ta ba, alhali muna tsakiyar bazara.

Ba a nan haukan ya tsaya ba. Don in kashe warin gwanjo, na tafasa ta a tukunya kamar kaza. Ta fito ta ƙanƙance. Na ɗauko dutsen guga na gawayi na bi ta da shi, har kan zif ɗin. Na ji ƙaurin roba kuwa (wallahi na ji), amma na ce ba komai. Na naɗe ta a takarda na aika wa Rabi.

Ranar arba'in na sha farar babbar riga, na isa da hantsi. Ina zaune a zaure da surukina muna maganar yadda damina ta ƙi matsowa, sai kuka ya tashi daga cikin gida. Na yi kamar ban ji ba, don haka ɗa mai kunya yake yi. Kukan ya ƙaru. Baba yana maganar irin gero, ni kuma ina cewa "haka ne, haka ne." Can muryar ta fara dusashewa, irin kukan da ya gaji. A bazarar nan na raka gawar jarirai a Dogarawa, waɗanda zafi da ƙishirwa suka kashe. Zufa ta karyo mini, amma ban motsa ba.

Sai ga kakar Rabi, wadda take kirana angonta, ta tsaya a bakin zaure ba ko dariya.

"Ango, taso. Wanda yak kulle shi, shi za ya buɗe shi."

Ban san lokacin da na tsallake takalmana ba. Tsakar gida cike da mata, surukuwata a tsakiya, Rabi tana hawaye. Ashe don ta faranta mini ta cusa yaron cikin rigar, ta ja zif har wuya, nan ya cije inda na narka shi. Yaron kuwa ƙato ne, tubarkalla, rigar ta ɗaure shi tamau kamar buhun da aka cika. Fuskarsa ta yi jajir, leɓɓansa sun bushe.

Na karɓe shi. Karon farko kenan a rayuwata, kuma a gaban surukuwata. Na ja zif, ya ƙi. Na shafa man gyaɗa, ya ƙi. Na sa haƙori, ni mushe guda, ina gurnani a wuyan jariri. Sai kawai na ji bakina yana cewa da ƙarfi, "Wayyo ɗana! Ɗana zai mutu! Ku taimake ni!"

Surukuwata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kaka ce ta zaro reza daga gefen zanenta, ta sa yatsu biyu tsakanin rigar da fatarsa, ta tsarge ta daga wuya har ƙafa. Aka shafe shi da ruwan randa. Ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru, sannan ya saki duk abin da ya tara tun safe a kan farar babbar rigata. Nan fa dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Ni kuwa na ƙi sakinsa. Sai da kaka ta ce, "Miƙo shi ya sha nono, uban ɗa. Ko kai za ka ba shi?"

Da wannan rigar na koma zaure. Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, muna maganar gero."

Yaron yanzu yana da nasa 'ya'yan, amma har gobe in na sauka a tashar Badaguishiri sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Wayyo ɗana, an iso lahiya?" Tun daga ranar, rigar jariri in ba ta auduga ba ce mai maɓalli a ƙasa, ba na ko taɓa ta, kuma wanki na bar wa masu shi. Da ɗan nawa ya zo zai tafi kasuwa sayen kayan nasa ɗan farin, yana wani sunkuyar da kai, na ɗauko jaririn na dangwara masa a hannu. Na ce ya riƙe shi sosai ya san girmansa tukuna. Kunyar sai ya ji ta in ya dawo.